Littattafan Da Na Ɗinka Da Basilla

Shafi na 23

Masu cewa tsoho ya yi barci ya manta da ku, ga ni. Ƙafa ce ta kumbura min kwana biyu, kuma ko ita ta gane da wa take yi, ta sace da kanta. Maƙwabcina mai shagon buga takardu shi ke rubuta abin da nake faɗa. Na gargaɗe shi, in ya gyara min kalma ɗaya zan sani.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ne Baba Mai Sikeli. Shekara hamsin ina sayen tsofaffin takardu a kan awo ina sayar wa masu ƙunshin kaya. Ban iya karanta harafi ko ɗaya ba, amma lamba ba ta ɓuyar min, sikeli ya koya min ita. Jikata kuwa, wadda nake tsokana da Uwargida, shekararta goma sha biyu, tana aji shida. Makarantarsu za ta tura sunan yara uku su rubuta jarrabawar shiga makarantar kwana ta kyauta. An yi musu gwaji, Uwargida ta cinye lissafi kaf. Sai aka soke sunanta, wai satar amsa ta yi. Takardar sunayen kuma ranar nan za ta fita, ƙarfe goma sha biyu na rana.

A bakin ofis muka tsaya da ku. To mu shiga.

*

Buhun a kaina na ɗauko shi tun daga gida. Saurayi biyu suka ce za su taya ni a hanya, na ce su je su taya iyayensu. Shekara saba'in da huɗu, ban tsaya hutawa ko sau ɗaya ba. Uwargida tana biye da ni da rigar makarantarta da aka saki lafinta sau biyu, har launin ƙasan ya bambanta da na saman. Uwarta, 'yata, ta so zuwa, amma ranar wankinta ce a wani gida, in ba ta je ba wata za su ɗauka.

Mutum uku muka tarar. Shugabar makaranta a bayan tebur, da tabarau a ƙarshen hanci. Mataimakinta a tsaye gefenta, ƙamshin turarensa ya riga shi gaishe ni, yana juya biro a hannun hagu. Sai malamin lissafi, siririn matashi, alli duk ya ɓata masa hannun riga, ya raɓe jikin kabad kamar shi aka kawo ƙara.

A kan tebur akwai damin takardun gwajin yaran, an ɗaure da shuɗiyar igiya. Idona ba ya wuce igiya bai gaishe ta ba. Na kalle ta sau ɗaya, na ajiye abin a raina.

Shugaba ta nuna min kujera. Na ce buhuna ya fi ta laushi. Na sauke shi na zauna a kai.

Mataimaki ya buɗe babban littafin kiran suna ya fara jero laifuka. Wai yarinyar nan duk mako sai ta yi fashin kwana biyu. Wai ba ta da littafin karatu ko ɗaya. Wai littafin rubutu guda take haɗa duk darussa a ciki, in ya cika ta goge ta sake. Wai an sha kama ta tana gyangyaɗi a aji. Ya rufe littafin da ƙarfi ya ce, yarinya irin wannan ce za ta amsa tambaya ashirin ba kuskure, kuma da hanyar da sai 'yan aji uku na sakandare ake koya wa?

"Baba, faɗi gaskiya a rufa maka asiri," in ji shi. "Wa ya rubuta mata?"

Na ce, "Ɗana, ka gama?"

Ya ce ya gama.

Na ce duk abin da ya karanto gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Kwana biyun da take fashi, ranakun wankin uwarta ne, ita ke riƙe ƙanenta mai shekara biyu. Gyangyaɗin kuwa, in mutum ya cika randa uku kafin ya taho, ya zauna a aji cikinsa ba komai, ko shi Mataimaki da wannan tumbin nasa sai kansa ya rinjaye shi. Malamin lissafi ya yi tari ya juya fuska ga bango.

"Amma littafi," na ce, "nan ka yi kuskure. Babu yaron da ya kai Uwargida littattafai a makarantar nan."

Mataimaki ya yi dariya.

Ku bar shi ya yi. Ni kwana uku na yi a aji a duk rayuwata. A na huɗu aka tsayar da ni a bakin ƙofa aka ce sai na zo da riga da allon rubutu. Mahaifina ya dube ni ya dubi hannunsa, ya kai ni wajen masu dako. Tun daga ranar mota ta taɓa bi ta kaina, rumfata ta ƙone sau biyu, na binne abokan dakona duka. Dariyar mai turare ba ta cikin abin da ke taɓa ni.

Na tashi na kwance bakin buhu. Na fara fito da su ɗaya bayan ɗaya ina jerawa a kan teburin Shugaba. Goma sha ɗaya. Kowanne bangonsa kwalin sabulu ne, ɗinkinsa zaren buhu, da basilla na huda shi, ɗinki bakwai bakwai. A jefa shi daga saman bene, shafi ɗaya ba zai fita ba.

Na yi musu bayanin aikina, don na ga ba su san shi ba. Takarda in ta zo rumfata kashi uku nake yi mata. Mai faɗi ta masu kanti ce. Mai kauri ta masu yin kwalin ƙwai. Wadda duk na ga lambobi a jikinta kuwa, ba ta hawa sikeli, gefe nake ajiye ta. In ta taru na jera na ɗinke na kai wa Uwargida. Shekara uku ke nan.

Malamin lissafi ya matso ya ɗauki ɗaya. Ya buɗe. Ya juya shafi. Ya koma baya. Ya ɗauki na biyu. Na ga goshinsa ya tattare.

"Baba, da me kake jera su?"

"Da tsawo da faɗi mana. Dogo da dogo, gajere da gajere. In ba haka ba ai baki ba zai daidaita ba."

Sai ya nemi kujerar da na ƙi ya zauna a kai.

Ya juya littafin wajen Shugaba yana nuna mata da yatsa. Wannan shafin na aji biyar ne, in ji shi. Na bayansa na aji uku na sakandare. Na bayan wancan na aji shida. Ga wani ma da shi kansa sai da ya shiga kwaleji ya gamu da shi. Duk girman takardarsu ɗaya, shi ya sa suka kwana a ɗinki ɗaya. Kuma kowane gefen shafi cike yake da ƙananan rubutun fensir, an yi an goge, an yi an goge, har takardar ta yi laushi.

 Sai Uwargida ta ɗago.

"Malam, ba na ajinmu ba ne?"

"Rabinsu ba na ajinku ba ne."

Ta juyo gare ni. Idon nan irin na kakarta, Allah ya ji ƙanta.

"Tsoho, kai ka ce min duk 'yan ajinmu sun iya."

To, jama'a, nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na faɗa mata haka. Ba sau ɗaya ba. Duk ranar da ta zauna a bayan rumfata, ƙanenta a goye, tana kuka wai wannan shafin ya fi ƙarfinta, sai na ce ta share hawaye, 'ya'yan masu hali da ke da littafi mai bango tuni suka haddace shi. Ni a zatona gaskiya nake faɗa. Lamba ai lamba ce. Ban san akwai ta yara akwai ta manya ba. Yarinyar nan shekara uku tana ɗaukar kanta daƙiƙiyar ajinsu, tana bin mutanen da ashe suna can bayanta da nisa.

 

Na ce, "To, ai ga shi kin iya."

"Na yi wata guda a kan shafi ɗaya."

"Da na san na manya ne da na ƙaro miki biyu."

Shugaba ta sa hannu ta rufe baki. Na ga kafaɗarta tana motsi.

Ku dai ku shaida, kuskurena ma ya fi daidan wasu amfani.

Mataimaki bai ji daɗin yadda ɗakin ya sauya ba. Ya ce wannan duk tatsuniya ce, kowa zai iya tara shara ya ɗinke. Shugaba ta ce abu mai sauƙi ne, a ba yarinya sabuwar tambaya yanzu a gaban kowa. Ya ce shi zai zaɓa. Ta ce ya zaɓa. Ya jawo wani littafi mai kauri daga kabad, ya daɗe yana lalube can wajen ƙarshe, ya kwafe tambaya uku da hannunsa na hagu ya tura mata.

Uwargida ta ciro fensirinta. Guntu ne, bai kai ɗan yatsa ba, ni na cusa mata shi a bututun tsohon biro don ya riƙu. Ta durƙusa a gefen tebur. Ɗakin ya yi tsit, sai fanka. Ana cikin haka cikinta ya yi ƙugi, kowa ya ji. Shugaba ta jawo aljihun tebur ta miƙa mata biskit. Ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya, ta sa a aljihu. Na san na ƙanenta ne. 

Ta farko ba ta ɗauke ta komai ba. Ta biyu ta ɗan ciji bututun biro. A ta uku ta cika shafi, ta juya baya ta ci gaba, har Mataimaki ya fara murmushi yana duban agogo. Sai ta ja layi biyu a ƙasa ta miƙa wa malaminta.

Ya bi da yatsa daga sama har ƙasa. Ya sake bi.

"Duka daidai ne. Amma wannan ta ukun, wa ya koya miki wannan doguwar hanya? Ba haka ake yi ba."

Ta ce babu wanda ya koya mata. A littafin Tsoho bayanin ya fara a ƙasan shafi, da ta juya sai ta tarar da wani abu daban, ragowar ba ya nan. Ta yi ta neman shafin a duk littattafan ba ta samu ba. Shi ne ta ƙarasa da kanta.

Malamin lissafi ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa. Ya ce wa Shugaba, shi shekara shida yana koyarwa, kuma yana roƙon a rubuta cewa shi bai taɓa yarda yarinyar nan ta yi sata ba, tsoro ne ya hana shi magana. Na ce masa ba komai, ɗana, tsoro ma ciwo ne, ana warkewa.

Ni kuwa a lokacin, in da za a ɗora ni a sikelina, allurar sai ta karye.

Shugaba ta jawo takardar sunayen. Na ga layin da aka soke, na ga wani suna da aka rubuta a ƙasansa da wani irin biro. Ta buɗe murfin alƙalaminta, ta ja masa layi.  Da ɗaya hannun tana ta shafa littafina na ƙarshe, wanda na ɗinka da damina, tana juya shafukan kamar mai shafa kan jariri.

Sai hannun ya tsaya.

Ta gyara tabarau. Ta kai fuskarta kusa da takardar. A ƙasan wani shafi akwai hatimi mai launin shuɗi, zagayayye. Na sha ganinsa, na ɗauka ado ne.

Ta karanta a fili, a hankali. "Kyauta ga ɗaliban wannan makaranta. Ba na sayarwa ba ne."



Ta ce waɗannan littattafan bara aka kawo su, kwali goma, don a raba wa yaran da iyayensu ba su da halin saye. Kafin a raba aka ce rufin sito ya yi yoyo, ruwa ya cinye su duka. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Baba, a jiƙe suka zo maka?"

"A bushe ƙamas, ranki ya daɗe. Sababbi, har ƙamshi suke. Bangon kawai aka yage musu."

Wato ku gane. Littafin da aka aiko a ba Uwargida kyauta da bangonsa, shi na saya a kan awo, na yayyaga, na gauraya da na manya, na ɗinke mata da basilla.

Mataimaki ya yi wuf ya shiga tsakani. Muryarsa har ta canza. Ya ce ai ga shi magana ta fito, kayan sata ne a hannun tsohon nan, a kira 'yan sanda. Ya ce makaranta ba za ta tura sunan jikar mai sayen kayan sata ba, in aka bincika daga sama mutuncin kowa zai zube. Uwargida ta matso ta riƙe gefen rigata.

Shugaba ta ajiye alƙalami. Ta ce in faɗa mata wanda ya sayar min.

Na ce ban san fuskarsa ba. Mai amalanke ne ya kawo, dami dami, ya ce wani ne ya aiko shi, kuma masu amalanke a bakin kasuwa sun fi ɗari.

"Kin ji ko," in ji Mataimaki. "Bai sani ba."

"Na ce ban san fuskarsa ba, ɗana. Ban ce ban san hannunsa ba."

Na sunkuya na zura hannu can ƙasan buhu. Abin da ba su sani ba, ni a rumfata ba a yanka igiya. Wanda ya yanka igiya bai san wahalar samunta ba. Zare ta nake daga jikin dami yadda take, da ƙullinta, in rataye a ƙusa. Da safen nan na kwaso 'yan guda don in ɗaure littattafan in za mu koma.

Na fito da uku. Shuɗaye.

Na ce kowane mutum da ƙullinsa, kamar yadda kowa da tafiyarsa. Mai kanti ƙulli ɗaya yake yi ya ja. Ma'aikacin ofis yana yin kunnen zomo. Wannan kuwa sau biyu yake zagayawa, ya cusa bakin ta ƙasa, ya fito da shi ta hagu. A shekara hamsin, mutum huɗu kawai na gani suna wannan ƙullin, kuma dukansu bahagwai ne.

Na ɗauki ɗaya na shimfiɗa a kan tebur, dab da damin takardun gwajin yara. Igiya kusa da igiya. Ƙulli kusa da ƙulli.

"Ni ban iya karatu ba, ranki ya daɗe. Ke da kika iya, karanta min waɗannan biyun."

Ta duba. Ta daɗe tana dubawa. Sannan ta tambayi malamin lissafi wa ya ɗaure takardun gwajin.  Malamin ya ɗaga ido ya kalli biron da ke hannun Mataimaki. Biron ya daina juyawa.

 Shugaba ta ɗauki alƙalaminta, ta jawo takardar sunayen, ta fara rubuta sunan jikata. Ina kallon hannunta. Ban san haruffan ba, amma na san tsawon sunan, na sha ganinsa a bangon littafinta.

Ta kai rabi.

Mataimaki ya sunkuyo kusa da kunnenta. Ya yi ƙasa da murya, amma kunnena ya fi na yaro.

"Ranki ya daɗe, kafin ki ƙarasa. Ki tuna wa ya sa hannu a takardar da ta ce ruwa ne ya cinye su."

Alƙalamin ya tsaya.

Na kalli fuskarta, na gane ita ce ta sa hannun. Na kalli agogon bango. Wannan kam na iya karanta shi: saura minti ashirin. A waje na ji ɗan aike ya tayar da babur, yana jiran takarda.

Uwargida ta ce, "Tsoho, mu tafi gida?"

Na ce mata a'a. Sau ɗaya aka taɓa mayar da ni daga bakin ƙofar makaranta, kuma a lokacin ba ni da riga.

Na ja buhuna har bakin ƙofa. Na mayar da ƙofar na rufe. Na zauna a kan buhun, na miƙe ƙafata, na jingina bayana da katakon.

"Ranki ya daɗe, rabin suna ba ya hawa babur," na ce. "Ni kuma ba ni da inda za ni yau."